Baƙo Mai Sana'a da Maigidansa a Bakin Tafkin Kainji

Jawabi ga hakimai da magatakardansu na ƙasar Yawuri

 

Maganar yau ta baƙo ce, amma ba kowane baƙo ba. Wanda a ke nufi shi ne mutumin wata ƙasa da ya zo da sana'a a hannunsa, ko masunci, ko magini, ko makanikin injin jirgin ruwa, ko injiniya, da kuma mutumin da ya ɗauke shi aiki. Akwai hanyar da doka ta shimfiɗa wa irin wannan baƙo domin ya shigo, ya zauna, ya yi aikinsa, ya koma gida da abin da ya samu. Hanyar nan ba a hannun hakimi ta ke ba, amma ta ƙofar gidansa ta bi. A gundumarsa baƙon zai kwana, kuma ranar da rigima ta tashi zaurensa za a fara zuwa.

Ƙasar Yawuri ba yau ta fara saukar baƙi ba. Tun zamanin da ayarin fatake ke biyowa ta nan su ƙetare Kwara zuwa Gwanja neman goro, akwai tsarin da kowa ya sani. Falke ba ya kwance kayansa a tsakar kasuwa, gidan fatoma ya kan nufa. Fatoma ne zai ba shi ɗaki, ya adana masa kaya, ya nemo masa mai saye, ya tsaya masa idan an ba shi bashi. Idan baƙon ya yi laifi, fatomansa za a kira fada ya yi bayani. Ladan da ya ke ci na wannan nauyi ne. Sarkawa ma, waɗanda yau ba mai ce musu baƙi, daga ƙasar Kabi suka gangaro da jiragensu da sanin ruwa mai zurfi, suka zauna tsakanin Gungawa da Shangawa da Lopawa. Wanda ya fahimci aikin fatoma ya rigaya ya fahimci rabin dokar shige da fice, gama ita ma tambayarta ke nan: wa ya tsaya wa wannan baƙo?

Babban aikin da ya tara baƙi masu sana'a a wannan yanki shi ne ginin madatsar ruwa ta Kainji. An kafa Hukumar Madatsun Kwara a 1962, aka fara gini a 1964, Bankin Duniya kuma ya ba da rancen dala miliyan 82. Injiniyoyin Ingila da na Holan ne suka tsara aikin, kamfanin Impregilo na Italiya ya yi ginin, shi ne kuwa ya gina madatsar Akosombo a Gana. Aka gama a 1968, Janar Yakubu Gowon ya buɗe ta a watan Fabrairu na 1969. Duk wannan ya faru a zamanin Sarkin Yawuri Muhammadu Tukur. Abin da mutanen bakin ruwa suka biya ba kaɗan ba ne. Mutum kimanin 44,000 aka tayar daga mazauninsu, tsibirin Foge ya nutse, tsohon garin Busa ya nutse, gonakin albasa na gungu da yawa suka tafi. Turawan aikin kuwa da suka gama suka naɗe kayansu suka koma. Abin da suka bari iri biyu ne: injunan da ke ba da wuta, da kuma 'yan ƙasa waɗanda suka shiga aikin suna leburori suka fito sun iya tuƙi, ko walda, ko gini da siminti. Na biyun nan shi ne rabon da talaka ya taɓa da hannunsa.

Da tafkin ya cika, tsawonsa kimanin kilomita 135, sai kifi ya yawaita, masunta suka kwararo daga ko'ina, har daga Nijar da Mali. Gurar da a ke kira ta Mali, wadda yanzu a ke gani a kowane sansanin masunta, sunanta kaɗai ya isa shaida ga inda aka koyo ta. Amma ruwa ba ya ɗaukar kowane irin kamu. Bayan 'yan shekarun farko kamun ya ragu ƙwarai, har a ƙarshen shekarun 1990 aka hana jan dala, domin tana kwashe 'ya'yan manyan kifaye tare da warangi. Dokar kamun kifi ba ta san ɗan gida ko baƙo ba, duk wanda ya sa jirgi a ruwa ta hau kansa.

To, yanzu ga yadda dokar ta ke. Tsarin Mulkin 1999 ya sa sha'anin shige da fice a hannun Gwamnatin Tarayya ita kaɗai. Gwamnan jiha ba shi da ikon ba baƙo izinin zama, shugaban ƙaramar hukuma ba shi da shi, balle hakimi ko dagaci. Haka nan ba su da ikon korarsa daga Nijeriya. Dokar da a ke aiki da ita ita ce ta 2015, wadda ta maye gurbin ta 1963, kuma Hukumar Shige da Fice ke zartar da ita. Ofishinta na jiha yana Birnin Kebbi, tana kuma da ma'aikata a mashigai irin su Kamba da Lolo da Dole Kaina. Ƙofofin da baƙo mai sana'a ke bi guda biyu ne, ba kuwa faɗinsu ɗaya ba.

Ƙofa ta farko ta maƙwabta ce. An kafa ƙungiyar ECOWAS a Ikko ranar 28 ga Mayu, 1975. Ranar 29 ga Mayu, 1979, a Dakar, shugabannin ƙasashen suka sa hannu a yarjejeniyar zirga-zirga, wadda ta ce ɗan wata ƙasa ta ƙungiyar yana iya shiga ɗaya ƙasar ba tare da biza ba, ya zauna har kwana 90, muddin yana da takardar tafiya mai kyau da katin rigakafi, kuma ta mashiga ta hukuma ya shigo. A 1986, a Abuja, aka ƙara masa ikon zama domin neman aiki da yin sa. A 1990, a Banjul, aka ƙara masa ikon kafa sana'a ta kansa. Watau magini daga Togo, ko makaniki daga Benin, ko masunci daga Gana, ba alfarma a ke yi masa ba idan ya nemi aiki a Yelwa ko Wara, hakkinsa ne, kamar yadda Bayawure ke da irinsa a Kumasi ko Kwatano. Amma akwai sharaɗi, kuma a nan yawancin mutane ke tuntuɓe. Wanda zai wuce kwana 90 lalle ne ya je ofishin shige da fice ya yi rajista, ya karɓi katin zama na ECOWAS. Da yawa ba su yi, domin ta ruwa suka shigo, harshensu da na mutanen gari ɗaya ne, ba wanda ya taɓa tambayarsu kome. Mutum sai ya shekara ashirin a tunga, ya yi aure, ya haifu, ya mallaki jirage uku, a idon doka kuwa bai fi wanda ya sauka jiya ba.

Wani zai ce, ina amfanin kati ga mutumin da kowa ya sani? Amsar tana cikin abin da ya faru sau biyu a idon dattawan da ke raye. Ranar 18 ga Nuwamba, 1969, gwamnatin Dokta Busia ta Gana ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar. Hausawa da Yarabawa da Zabarmawa da aka haifa a zangunan Gana suka sayar da gidaje da kaya a wulaƙance, suka hau manyan motoci zuwa garuruwan da waɗansunsu ba su taɓa gani ba. Bayan shekara goma sha uku sai abin ya juyo. Ranar 17 ga Janairu, 1983, Ministan Harkokin Cikin Gida, Alhaji Ali Baba, ya ba da sanarwa cewa baƙin da ke zaune ba bisa ka'ida ba su fita kafin ƙarshen wata. Waɗanda suka fita an ƙiyasta sun kai miliyan biyu, kimanin rabinsu 'yan Gana. Masu sana'a irin su kafintoci da magina da malaman makaranta an ƙara musu wa'adi zuwa 28 ga Fabrairu, amma ƙarin wa'adi ba izinin zama ba ne. Makarantu suka wayi gari ba malamai, gine-gine suka tsaya, masu gida suka rasa ma'aikatan da suka dogara da su. A 1985 aka sake yin wata korar. Saboda irin wannan ne yarjejeniyar 1986 ta hana korar ma'aikata baƙi jimla guda, ta ce a duba sha'anin kowane mutum shi kaɗai. Sai dai mutumin da ke riƙe da kati shi ya fi samun bakin magana ranar da aka zo dubawa.

Akwai kuma sabon al'amari da ya shafi wannan yanki fiye da kusan ko'ina. Ranar 29 ga Janairu, 2025, Nijar da Mali da Burkina Faso suka fita daga ECOWAS, ƙasashe goma sha biyu suka rage. Yawancin baƙin da ke gangarowa ta Kwara daga waɗannan ƙasashe su ke. A ranar da suka fita, ECOWAS ta ba da sanarwa cewa a ci gaba da karɓar fasfo da katin shaidar mutanensu masu tambarin ƙungiyar, a kuma bar musu ikon shiga da zama da sana'a kamar da, har sai an ba da wata sanarwa. Su ma ƙasashen uku, tun a Disamba 2024, sun ce 'yan ECOWAS su shiga musu ba biza. Ma'anar wannan ga hakimi ita ce, kada ya saurari mai cewa yanzu Bazabarme ko Bamale ya zama haramtacce a bakin tafki. Kada kuma ya ɗauka abin ya zauna ke nan har abada, gama abin da aka rataya da sanarwa, sanarwa na iya sauke shi. Magatakarda mai lura ya kan riƙa tuntuɓar jami'in shige da fice na ƙaramar hukumarsa ya ji ko an yi wani canji.

Ƙofa ta biyu ta fi ƙunci. Ita ce ta mutanen nesa, na Sin, da Indiya, da Turai, da sauran ƙasashen da ba na ECOWAS ba. A nan ba baƙo ne ke fara neman izini ba, maigidansa ne. Kamfanin da aka yi wa rajista a Nijeriya zai rubuta wa Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ya nemi guraben baƙin ma'aikata, abin da 'yan ofis ke kira kota. Zai faɗi kowane gurbi da sunansa, ya nuna cewa aikin yana bukatar ƙwarewar da ba a samu cikin sauƙi a gida ba. Idan an ba shi, sa'an nan baƙon zai nemi bizar aiki, kamfanin kuma ya rubuta cewa ya ɗauki nauyinsa a gaban hukumar shige da fice. Bayan ya iso sai a ba shi katin zama da aiki mai suna CERPAC. Wanda aka kira domin ɗan gajeren aiki, kamar kafa inji ko gyara shi, izinin wucin gadi a kan ba shi. Gurbi yana da wa'adi, katin ma yana da wa'adi, kuma katin na aikin da aka rubuta ne a kamfanin da aka rubuta. Wanda ya shigo da bizar yawon buɗe ido ko ta ziyarar ciniki ba shi da ikon kama aiki. Kamfani kuma tilas ya riƙa aika wa hukuma lissafin baƙinsa kowane wata. Wannan shi ne fatoman zamani: shi ya kira baƙo, shi ya tsaya masa, shi za a tambaya.

Sharaɗin da ya fi kowane muhimmanci ga mutanen Yawuri da Ngaski da Shanga shi ne wanda aka fi mantawa da shi. Kowane gurbi da aka ba baƙo, ana bukatar kamfani ya sa 'yan Nijeriya biyu su zauna ƙarƙashinsa suna koyo, domin idan wa'adi ya cika su gaje shi. Wannan ba sabuwar dabara ba ce. A zamanin Sardauna, Gwamnatin Jihar Arewa ta kan ɗauki baƙo aikin kwangila na 'yan shekaru har a horar da ɗan Arewa da zai hau kujerar. Dalilin buɗe ƙofar ke nan tun asali. Idan baƙo ya shekara biyar yana juya inji, ya tafi, aka kawo wani baƙon, 'ya'yan gari kuwa har yanzu gadi da dako su ke yi, to an cika takarda, ba a cika alkawari ba. A watan Fabrairu na 2024 Gwamnatin Tarayya ta sa haraji a kan kowane baƙon ma'aikaci, dala 15,000 a shekara ga darakta, dala 10,000 ga saura, da nufin tura kamfanoni su ɗauki 'yan ƙasa. Masu masana'antu suka yi kuka, aka dakatar da harajin a watan Maris na shekarar. Saura sharaɗin koyarwa, shi kuwa sai an sa masa ido ya ke aiki.

Irin wannan tsari ba a Nijeriya kaɗai ya ke ba. A Kanada, inda matasan ƙasar nan masu ilmi ke ta nufa, larduna huɗu na bakin Tekun Atalantika suna da hanyarsu ta ɗaukar ƙwararru, wadda aka fara gwadawa a 2017, aka tabbatar da ita a 2022. A can gwamnatin lardi ce ke tantance mai ɗaukar aiki tukuna, ta amince da shi, sa'an nan ya kira ma'aikaci, a kuma shirya yadda baƙon da iyalinsa za su zauna. Bambancin shi ne, a can lardi yana da hannu a rubuce cikin tsarin. A nan ba a rubuta wa jiha ko masarauta irin wannan hannu ba, alhali kuwa su ke zaune da baƙon.

Saboda haka aikin hakimi na shaida ne da sulhu. Inda aka kafa babban aiki, kamar gona da masana'antar tumatir da kamfanin GBfoods ya kafa a ƙasar Ngaski, ko wani kamfani da zai zo gobe neman fili, lokacin da a ke zaman shawara kan filin shi ne lokacin tambaya. Guraben baƙi nawa aka ba ku? Su wane ne masu koyo a ƙarƙashinsu, daga ina kuma aka ɗauko su? Ba rashin mutunci ba ne a yi wannan tambaya, kamfanin kirki yana da amsarta a aljihun tebur. Hakimin da ya tsaya kan buhunan shinkafa na salla, ya bar wannan, ya sayar da rabon 'ya'yan talakawansa da araha.

Wuraren haƙar zinariya sun fi wuya. Tun zamanin Turawa a ke haƙa a kewayen Birnin Yawuri, yanzu kuma duk inda aka ce an gani, cikin mako guda sai tunga ta zama gari, da mutanen ƙasashe dabam dabam. Ma'adinan da ke ƙarƙashin ƙasa na Gwamnatin Tarayya ne bisa ga dokar 2007, lasisi kuma daga Abuja ya ke fitowa. Katin zama ba lasisin haƙa ba ne, lasisin haƙa kuma ba izinin kawo baƙi ba ne. Dagacin da ya karɓi goro ya ce wa baƙo, je ka ka haƙa, ya ba da abin da ba nasa ba, ranar da jami'ai suka zo kuwa sunansa baƙon zai ambata. Abin da ya dace shi ne a kai rahoto ga hakimi, hakimi ya kai fada da ofishin shige da fice, ba a tara matasa a je kora ba. Korar gayya ba ta bambanta mai laifi da makerin da ya shekara goma yana gyara wa manoma garma.

Ga magatakarda kuwa, littafi guda ya isa. A buɗe shi a ofishin hakimi, kowane dagaci da sarkin ruwa su riƙa kawo sunayen baƙin da suka sauka a wurinsu domin aiki. A rubuta sunan baƙo da ƙasarsa, da sana'arsa, da ranar da ya zo, da irin takardar da ya nuna da ranar da za ta ƙare, da sunan maigidan da ya tsaya masa. Wannan littafi ba ya zama a madadin rajistar hukuma, wadda tun 2019 a ke yi da kwamfuta ga baƙin da za su wuce kwana 90. Amfaninsa shi ne a tuna wa mutum tun wa'adinsa bai cika ba, a kuma sami shaida idan gardama ta tashi. A misali, mai jirage a Yelwa ya ɗauki makaniki daga Benin, suka yi wata shida, sa'an nan suka saɓa kan lada, maigida ya ce zai kai ƙararsa a kama shi don ba shi da kati. Idan akwai littafi, hakimi zai buɗe ya ce masa, ai kai ne ka kawo shi ranar kaza, kai ka ce ka tsaya masa, me ya hana ka kai shi ofis tun tuni? Biya shi haƙƙinsa tukuna, sa'an nan ku tafi tare a gyara takarda.

Abu biyu ne za su ɓata littafin. Na farko karɓar kuɗi. Ranar da aka ce sai baƙo ya ajiye wani abu kafin a rubuta sunansa, daga ranar baƙi za su daina zuwa, masu gida su riƙa ɓoye su, littafin ya koma fanko. Na biyu riƙe takardar mutum. Fasfo da katin zama na mai su ne, magatakarda ya duba, ya kwafi lamba, ya mayar nan take. Idan kuma aka ji wani maigida ya karɓe takardun ma'aikacinsa ya kulle don kada ya tafi, a kira shi ya mayar a gaban shaidu, in ya ƙi a sanar da jami'an shige da fice. Yara ƙanana da aka kawo daga wata ƙasa aka sa su aikin rami ko jan koma, su ba su shiga lissafin masu sana'a ba ko kaɗan, maganarsu ta hukumar yaƙi da fataucin mutane ce, a kai ta da gaggawa.

Lokacin da ya fi dacewa a zaga tungaye da littafin shi ne sa'ad da baƙin ruwa ya iso daga Mali a tsakiyar hunturu, gama a lokacin ne jirage ke samun hanya, masu gangarowa kuma su kan yawaita. A fara da sarakunan ruwa, su ne suka san wanda ya kafa bukka jiya. Allah ya ba da ikon aikatawa.